Gidajen Gwamnati: Albashi Ake Dubawa, Ba Yawan Iyali Ba

MUBI — A unguwar Wuro Patuji da ke garin Mubi, kamar a sauran tsofaffin unguwannin Jihar Adamawa, ba abin mamaki ba ne a tarar da magidanci da matarsa da 'ya'ya shida ko bakwai suna zaune a ciki da falo na haya. Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke garin su ma suna neman ɗakuna a unguwar, abin da ke ƙara tsadar haya. Idan iyali ya ƙaru har gida ya yi masa kaɗan, tambayar da magidanci kan yi ita ce: shin yana da hakkin samun gida mafi girma daga cikin gidajen da gwamnati ke ginawa don masu ƙaramin ƙarfi?

Amsar ita ce, ƙa'idojin rabon gidajen gwamnati a Nijeriya ba su auna yawan mutanen gida. Abin da suke aunawa shi ne kuɗin shigar mai nema.

Idan ba a manta ba, haka abin yake tun zamanin gidajen Shagari da aka fara a 1980, lokacin Adamawa tana cikin tsohuwar Jihar Gongola. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta ƙudurta gina gidaje 2,000 kowace shekara a kowace jiha. An ware masu ɗaki ɗaya ga waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce naira 5,000 a shekara ba, masu ɗaki uku kuwa ga matsakaita. Ke nan mai ƙaramin albashi, wanda sau da yawa shi ne ya fi tarin iyali, shi aka ba ƙaramin gida. Bugu da ƙari, ko rabin gidajen da aka ƙudurta ba a kammala ba kafin sojoji su kifar da gwamnatin a ƙarshen 1983.

Doka mai lamba 3 ta 1992, wadda ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa a ƙarƙashin Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, ita ce har yanzu babbar ƙofar mallakar irin waɗannan gidaje. Ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, kuma sai ya zuba na wata shida aƙalla kafin ya cancanci neman rance. Ana ba da rancen a kan ruwa kashi 6 cikin ɗari, a biya cikin wa'adin da zai iya kai shekara 30. Wani gyaran doka da aka sa wa hannu a 2023 ya mai da zubin ya zama ganin dama ga ma'aikatan kamfanoni masu zaman kansu.

Sai dai kuma sharaɗin da ya fi tankaɗe masu nema shi ne wanda ya ce abin da za a riƙa cirewa kowane wata kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin shigar mutum. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, sulusinsa kuwa kimanin naira 23,000. A kan ruwa kashi 6 na tsawon shekara 30, kowace naira miliyan ɗaya tana cin kusan naira 6,000 a wata, don haka rancen da wannan ma'aikaci zai iya ɗauka bai kai naira miliyan 4 ba. Alhali kuwa lokacin da Ma'aikatar Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta buɗe sayar da gidajen shirinta na ƙasa a 2021, mafi arha ya haura naira miliyan 7, mafi tsada kuma ya haura miliyan 16. Tun daga lokacin farashin siminti da rodi da kwano sai ƙaruwa ya yi.

Wannan lissafi na mai albashi ne. Dillalin kasuwar shanu ta Mubi, ko tela, ko mai sayar da hatsi, doka ta ba shi damar shiga asusun, amma dole ya nuna shaidar kuɗin shiga na yau da kullum. Wanda ke son rancen don ya gina a filinsa kuwa, za a nemi takardar shaidar mallaka bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, alhali gidaje da yawa na gado ne ko an saye su da takardar mai unguwa kawai. Wasu iyalan kuma sun rasa takardunsu sa'ad da suka yi gudun hijira a 2014, lokacin da 'yan Boko Haram suka mamaye garin.

A Ingila, inda ƙananan hukumomi ke ba da hayar gidaje ga mabukata, wata hanya dabam ake bi. Doka ta 1996 ta wajabta a fifita iyalan da ke cikin cunkoso, kuma ana ƙidaya ɗakuna gwargwadon shekarun yara da jinsinsu: yaro da yarinya da suka kai shekara 10 ba a lissafa su a ɗaki ɗaya. Wannan ma'auni ba baƙo ba ne a nan, domin tarbiyyar Musulunci ma ta yi umarnin raba wa yara makwanci a daidai wannan shekara. Gaskiya ne iyalai a can kan yi shekaru suna jira saboda ƙarancin manyan gidaje, amma dai bukatarsu tana rubuce a cikin ƙa'ida.

Gyaran da ake bukata a nan bai fi ƙarfin hukuma ba. Na farko, takardar neman gida ta tambayi yawan iyali da shekarun yara, a kuma ba wannan maki wajen rabo. Na biyu, a riƙa gina ƙaramin gida a kan fili mai yalwa, kamar yadda aka tsara gidajen Shagari masu ɗaki ɗaya don a iya faɗaɗa su, tunda al'adar mutanenmu ce su ƙara ɗaki duk lokacin da hali ya samu. Na uku, gwamnatin jiha ta sauƙaƙa ba da takardar mallaka, domin ƙaramin rancen ƙara ɗaki biyu ya isa ga mai gidan gado.

Muddin albashi kaɗai ne ma'auni, manyan gidajen gwamnati za su ci gaba da faɗawa hannun masu hali, yayin da magidancin da ya fi bukatarsu zai ci gaba da shimfiɗa wa 'ya'yansa tabarma a zaure.