JIBJIN GIDA DA LAFIYAR BISASHE DA TA JAMA'A

Ƴan uwa makiyaya da manoma masu kiwo, ku tsaya mu dubi jibjin da ke bayan gida. Sharar da kakanninmu ke zubarwa toka ce, da ƙaiƙayi, da ɓawon gujiya, da fasasshiyar ƙwarya. Damana ɗaya ta isa ƙasa ta cinye su, su koma taki. Sharar yau daban take. Akwai leda, da gwangwani, da kwalba, da ƙusa, da mataccen batir. Waɗannan ba su ruɓewa. Suna nan suna jiran bisa ko yaro.

Mu fara da leda, don ita ta fi ɓarna cikin garke.

Me ke kai bisa ga cin leda? Yunwa da kwaɗayin gishiri. Daga watan Maris zuwa saukar ruwa daji ya ƙare, bisashen da aka saki cikin gari jibji suke nufa. Ledar da aka ƙulla ƙosai ko gishiri ko mai tana riƙe da ƙamshin abin. Akuya ta lasa, ta tauna, ta haɗiye. Saniya kuwa ba ta zaɓe: da harshe take naɗo abinci, abin da ya biyo duk ya wuce.

To leda in ta shiga tumbi ba ta narkewa, kuma ba ta fita. Tumbi na juyawa, ita kuma tana murɗewa da igiya da tsumma har su zama dunƙule mai tauri. Yau ɗaya, gobe biyu, har wurin ciyawa ya ƙare. Bisa ta ci kaɗan ta ji ta ƙoshi, alhali ba abin da ya shiga jikinta. Sai ku ga tana ramewa, gashi ya tashi, nono ya ragu, tuƙa ta ragu, kashi kaɗan kuma busasshe, amma ciki na nan a kumbure. Mata da yawa na zaman jiran akuya ta haihu, wata biyar ya wuce, shiru. Ba ɗa ba ne, leda ce. Ku tambayi mahautan Maradi ko na Damagaram abin da suke fiddawa daga tumbin saniyar gari. Kilo-kilo ne.

Ga yadda za ku gwada akuya ko tunkiya: da safe kafin ta ci, ku danna kwiɓin hagu da dunƙulen hannu, ƙasa-ƙasa. Tumbi mai lafiya laushi gare shi kamar ƙullu. In kun ji abu mai tauri yana kaucewa yana dawowa, ku kai ta wurin ma'aikacin kiwo.

Kuma in faɗa muku gaskiya: ba ƙwaya, ba allura, ba jiƙon kanwa ko man gujiya da ke narka leda. Mai tallar magani a kasuwa da ya ce yana da shi, kuɗinku yake so. Hanya biyu ce kaɗai. Ko likitan bisashe ya tsaga ciki ya fidda ta, in bisar ta cancanci kuɗin aikin kuma tana da sauran ƙarfi. Ko a yanka ta tun tana da nama.

Ƙusa da guntun waya nasu aikin daban ne. Suna faɗawa cikin ƙaramin tumbin nan mai kama da saƙar zuma, shi kuwa dab yake da zuciya. Ƙarfen ya huda, saniya ta gantsare baya, tana nishi, ba ta son gangara, wani lokaci ƙirji ya kumbura. Batir ɗin mota da na babur da na hasken rana kuwa darma ke cikinsu. Maruƙa na son lasarsu. Kaɗan ya isa: maraƙi ya makance, yana cizon haƙora, yana tunkuɗar bango da kai, ya mutu. Sai a ce iska ce ta buge shi.

Masu gona kusa da birni, ku ma maganar ta shafe ku. Amalanken sharar gari da kuke saye don taki, taki ne, ba musu. Amma in ba a tsince ba, kun shuka leda da kwalba a inda bisashenku za su yi kala bayan girbi.

Yanzu mu koma ga mutane. Ƙuda a jibji yake ƙwai, kuma lokacin zafi kwana 7 zuwa 10 sun isa ƙwan ya zama ƙuda. In ana zuba kashin yara a jibji, ƙudan nan shi ne zai sauka a kan kashin, ya tashi ya sauka a bakin ƙwaryar nono da idon jariri. Ta nan zawo da ciwon ido ke yawo gida-gida. Da ruwa ya sauka, ya wanke jibjin ya kai cikin tabki da rijiyar da ba ta da baki, inda mutum da bisa ke sha tare. Kun tuna kwalarar da ta tashi a Madarunfa a 2018, da wadda ta bi jihohi da dama a 2021. Ciwon nan ta ruwa da abincin da kashin mutum ya taɓa yake kamuwa. Gwangwani da tsohuwar taya kuma su tara ruwa, sauro ya samu gidan haihuwa.

Akwai ciwon da ke kewayawa tsakaninmu da bisashe, jibji ne mahaɗarsu. Mai tsila ya yi kashi a fili, saniya ta ci ƙwan tare da ciyawa, ya zama ƴan ƙulli farare cikin namanta kamar ƙwayar shinkafa. Wani ya ci naman bai dahu ba, tsila ta koma cikin mutum. Hakanan kare. Ran layya ko ran suna, hanta ko huhun da aka gani da ƙullutun ruwa sai a jefa wa kare. Kare ya ɗauki tsutsar, ya watsa ƙwanta da kashinsa a wurin kiwo da tsakar gida, ƙullutun ya fito a hantar tunkiya, har a ta mutum. Irin wannan kayan ciki a ƙone shi ko a binne.

Mushe da ɓarin bisa da mabiyiya ba kayan jibji ba ne sam. A 2016, zazzaɓin Rif ya sa bisashe ɓari a Cintabaradan da Tasara, jihar Tawa, kuma makiyaya sun mutu. Taɓa jini da ɓarin bisa mai ciwo na cikin manyan hanyoyin kamuwa da shi. Bisar da ta faɗi farat ɗaya, baƙin jini na fita ta hanci ko ta dubura bai daskarewa, kada a feɗe ta: yana iya zama ciwon saifa, wanda ƙwayarsa ke yin shekaru da yawa cikin ƙasa. A sanar da ma'aikatar kiwo, a binne ta a rami mai zurfin kamar mita 2, nesa da rijiya.

Nijar ta yi dokar hana shigo da leda marar kauri da sayar da ita tun 2014, amma kowa na ganin abin da ke rataye a ƙayoyin bakin gari. Don haka aikin ya dawo gida. Ku raba shara biyu. Toka, da sauran tuwo, da ɓawo, da kashin bisashe su tafi ramin taki, ana rufawa da ƙasa. Leda da kwalba da ƙarfe a tara su daban, a binne a rami mai zurfi da aka kewaye da ƙaya. Ƙona leda a tsakar gida hayaƙinta na cutar ƙirjin yara. Mataccen batir kada a fasa shi, a kai wa masu saye. Kashin yara ya tafi salanga. In bazara ta yi, ku ɗaure bisashen gida, ku ba su dusa da harawa, ku ajiye musu gishirin Balma ko dutsen lasa a inuwa, kusa da ruwan sha.