Kwana ukku a Yamai: tafiyar maigida da uwargida wadda ba ta fatauci ba

Ɗan kasuwar ƙasarmu ya san hanya. Ya je Kano, ya je Kwatano da Lome, wani ma har Dubai da Sin. Ƴar kasuwa ita ma ta san tashar Maraɗi da ta Ƙwanni kamar tsakar gidanta. Amma in muka tambaye su yaushe rabon da su shiga mota tare, su biyu kaɗai, ba biki ba, ba gaisuwar mutuwa ba, ba kai marar lafiya likita ba, sai su yi dariya su ce wannan ai na ma'aikatan gomnati ne masu hutun shekara.

Mu dai a ganinmu wanda ke buɗe shago tun hantsi har bayan isha, da wadda ke tashi da asuba ta aza tukunyar abincin saidawa, sun fi kowa cancantar kwana ukku na hutu. Abin da ke hana su sananne ne: tsoron taɓa jari, tsoron barin rumfa hannun yara, da tsoron bakin mutane. Duka ukkun suna da magani in an yi shiri. Mun ɗauki Yamai misali, domin kuɗinmu ne ake kashewa can, babu canji, babu ƙetara iyaka, kuma Hausa tana ci a kowace unguwa tare da Zabarmanci.

Lissafi kamin a ɗaura kaya

Ƙa'ida ta farko ita ce kuɗin tafiya kar su fito daga jari. Jari kamar iri ne, wanda ya dafa irinsa ya san abin da damina za ta gaya mishi. A ware wani abu kaɗan daga riba kowace ranar kasuwa, ko a shiga adashi da wannan niyya, in kwasa ta zo a tafi. In kuɗin sun taru a raba su kashi huɗu: na mota zuwa da dawowa, na masauki, na ci da kallo da takisi, sannan na tsaraba. Na dawowa kuwa a sayi tikiti tun ranar da aka sauka, ko a aje kuɗin wurin masu aika kuɗi irin su Nita ko Amana, domin kasuwar Yamai ta iya lallashin aljihu.

Na biyu, a dubi ranar kasuwa. Wasannin kwaikwayo sun fi yawa a ƙarshen mako. Badamagare da kasuwarsa ke ci ran Alhamis ya samu sauƙi: ya tashi Juma'a, ya komo Talata, bai rasa komi ba. Bamaraɗe da ke da Litinin da Juma'a, in ya tashi Asabar sai ya haƙura da kasuwar Litinin. Mutumin Tawa kuwa Lahadinsa ce za ta tafi. Kowa ya san abin da yake samu a rana irin wannan, sai ya sa shi cikin kuɗin tafiya tun farko, kar a dawo ana cizon yatsa.

Na ukku, rumfa. A ƙidaya kaya gaban wanda za a bar ma, a rubuta a littafi, a gaya mishi ba a ba da bashi sai an dawo. Salula tana aljihu, kira ɗaya da marece ya isa. Wanda zai yini yana kiran yaron shago ana ƙidaya mishi kwalin sukari, gara ya zauna gida.

Mai mata fiye da ɗaya kuma ya san adalci na kansa. Ko a yi ƙuri'a kamar yadda ya zo a sunna, ko a tsara wa kowace nata lokaci, a faɗa gaban kowa tun kamin a tashi. Tafiyar da za a dawo a tarda gida ya kama da wuta ba hutu ba ce.

Hanya da masauki

Daga Maraɗi zuwa Yamai wajen kilomita 660 ne, daga Damagaram kusan 900, daga Tawa wajen 550. Manyan motocin kamfanoni suna tashi da asuba. Ana bi ta Madawa, Galmi garin albasa, Tsarnawa inda hanyar Tawa ke haɗuwa da babban titi, Ƙwanni, Dogon Dutsi, Doso, sannan a shiga babban birni. A riƙe katin shaida kusa, domin akwai shingayen bincike, kuma a tambayi labarin hanya a tasha kwana ɗaya kamin tafiya. Lokacin da ya fi daɗi shi ne na sanyi, daga Disamba zuwa Fabrairu. A watan Afrilu zafin Yamai kan wuce awo 40, yawo ba ya daɗi.

Kusan kowane ɗayanmu yana da dangi a Bukoki ko Wadata ko Talaje, kuma sauka wurin dangi ba ya cin kuɗi. Sai dai mun san yadda abin yake: maigida a zaure da maza, uwargida a ɗaki da mata, kwana ukku su ƙare ba su yi hira ta minti goma ba. Wanda ke da hali ya kama ɗaki a ƙaramin otal ko gidan baƙi, ya ga ɗakin da idonsa, ya gwada famfo da fanka kamin ya biya. Dangi kuwa a ware musu yammaci guda a kai gaisuwa da ƴar tsaraba, zumunci ya samu haƙƙinsa.

Daren wasan kwaikwayo

Dattawan cikinmu ba su manta da zamanin samariya ba, lokacin mulkin Janar Seyni Kunce daga 1974 zuwa 1987, sa'ad da kowace jiha ke kawo wasanta gasar matasa ta ƙasa. Ba su manta da Yazi Dogo ba, malamin makaranta ɗan Dogon Dutsi wanda ƙungiyarsa ta yi suna daga Damagaram, har ta kai in an sa wasansu a telebijin titi kan yi tsit. Irin wannan wasa na Hausa ba a cika rubuta shi kalma da kalma ba. Ƴan wasa sukan shirya ƙashin labari, kowa ya san matsayinsa, maganar kuwa a dandali take fitowa. Shi ya sa in aka yi wasa ɗaya sau biyu, dariyar ba ta zama iri ɗaya.

Babban dandalin Yamai shi ne gidan al'adu na Umaru Ganda, wanda aka fi sani da CCOG, kusa da babban masallaci da kasuwar Wadata. Fili ne buɗaɗɗe mai matakalan zama da ke ɗaukar dubban mutane. Mai sunan, Umaru Ganda, an haife shi a Yamai a 1935, ya yi soja, ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, daga baya ya zama mai shirya fim. Fim ɗinsa a kan wani alhaji da ya ƙaro mata da yarinyar da aka yi wa wani alkawari shi ne ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Ya rasu a 1981, aka sa wa gidan sunansa. Ban da nan akwai gidan matasa na Jado Seku, akwai kuma babban zauren taro na Palais des Congrès da ke bakin kogi.

Abin lura shi ne ba kowane dare ake wasa ba. Saboda haka ranar wasa ita ce za ta zaɓi ranar tafiya. A sa wani ɗan uwa da ke Yamai ya leƙa ya karanto allon sanarwa, ko a saurari tallar rediyo. A tambaya ko wasan da Hausa ne, ko da Zabarmanci, ko da Faransanci, a kuma tambaya ko kwaikwayo ne ko kiɗan matasa, don kar Alhaji da Hajiya su tsinci kansu inda ba su yi niyya ba. A je da wuri, a riƙe mayafi mai kauri in lokacin sanyi ne.

Mai cewa ai duk wannan yana cikin salula, muna ce mishi akwai bambanci. Labaran da ake kwaikwayo namu ne: mai cin bashi ya ɓuya bayan ƙofa, dillalin da ke cin riba biyu, boka mai damfara, uwar miji da surukarta, auren da aka ɗaura don kuɗi. In miji da mata suka zauna kafaɗa da kafaɗa suka ga halinsu a dandali, jama'a na dariya, maganar da ta yi shekara ba ta faɗuwa a gida sai ta fito cikin raha a hanyar komawa masauki.

Kasuwa da idon mai saye

Babbar kasuwar Yamai, wadda Zabarmawa ke kira Habu Bene, gobara ta cinye ta a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Ƙaramar kasuwa ita ma ta ƙone a 2012. Duk ɗan kasuwar da ya ratsa wuraren nan ya kamata ya tuna da wayoyin lantarkin da ke rataye bisa tasa rumfa.

A babbar kasuwa akwai atamfa, shadda, leshi, turare, takalma da kayan ɗaki. A Katako akwai kayan gini, tukwanen da ake zubawa nan take, da kayan hannu iri-iri. Wanda ke son aikin hannu na ƙasa ya nufi ƙauyen masu sana'a na Wadata: takalma da jakunkunan fata, azurfar Agadas, da luru irin na Tera da ake kai wa amare. Nan ne kuma ake yin SAFEM, baje kolin sana'o'in mata da aka fara a 2000. Wadda tafiyarta ta dace da shi za ta ga yadda mata daga ƙasashe da dama ke shirya kaya da ɗaure su, ta komo da dabara.

Ba sai mun koya wa ƴan kasuwa ciniki ba. Amma mai saidawa in ya zama mai saye yakan ga abin da bai taɓa lura da shi ba: yadda fara'a ke sa ka tsaya, yadda ɗaure fuska ke korar ka, yadda tsabtar rumfa ke ƙara wa kaya daraja. Gaisuwar "fofo" ɗaya ga Bazabarma takan sauko da farashi fiye da doguwar gardama. Sharaɗi dai guda ne: a sayi na gida, kar a yi sari. Da zarar an fara ɗaura dila, tafiya ta koma fatauci, uwargida ta koma mai gadin kaya. In an ga abin da zai karɓu a gida, a amshi lambar mai shi, a yi maganar bayan an koma. Kuma kowa ya samu nasa kason da zai kashe ba tare da an tambaye shi dalili ba.

Gidan tarihi da bakin kogi

Safiya guda a ba gidan tarihi na ƙasa mai sunan Bubu Hama, wanda aka buɗe a 1959. Akwai zakuna, kuraye, kadoji da dorina, akwai tufafin gargajiya na ƙabilunmu, da ƙasusuwan manyan dabbobin da da aka tono a Gadufawa cikin jihar Agadas. Akwai kuma gangar itaciyar Tenere, wadda ta tsaya ita kaɗai cikin hamada har mota ta kaɓe ta a 1973. Maƙera da dukawa suna aiki a cikin gidan, ana saye daga hannunsu.

Da la'asar sakaliya a gangara bakin Isa. Mutanen Damagaram sukan yi wa na Yamai ba'a cewa su ne babban birni kamin 1926, amma ko su in sun tsaya kusa da gadar Kennedy, wadda aka gama a 1970, suka ga rana na faɗawa bayan kogi da masunta cikin jiragensu, sukan yi shiru. Yanzu gadoji ukku ne, an ƙara ɗaya a 2011, wata a 2021.

Nan bakin ruwa, ta wajen Gamkalle da Yantala, akwai wuraren cin abinci. Abin da ya kamata baƙo daga gabas ya nema shi ne kifin kogi, musamman giwan ruwa, gasasshe ko soyayye. Akwai dambu da kopto, wato kwaɗon zogale irin na Zabarmawa, akwai gasassun zabi, akwai aceke da soyayyar ayaba irin na mutanen gaɓar teku. A tambayi kuɗin kwano kamin a zauna, babu kunya a ciki. A duba wurin kuma, domin wasu na saida giya, wasu na iyali ne. Abincin rana a ci mai sauƙi a bakin kasuwa, a tara ƙarfin aljihu ga na dare ɗaya mai kyau. Matar da ta shekara ashirin tana zuba wa mutane abinci, ranar da ta zauna aka kawo mata nata a faranti, aka kwashe kwanon ba ita ta wanke ba, ita ta san darajar wannan dare. Kilishin tsaraba kuwa a bari sai daren komawa.

Bakin mutane

Za a yi magana, wannan babu shakka. Wasu za su ce Alhaji ya zama mijin tace, wasu su ce kuɗi sun yi musu yawa. Amma mu duba abin da muke kashewa a anko da gudummawar biki cikin shekara guda, ba wanda ya ce uffan. Kasuwa ta gaji haka, yau riba gobe faɗuwa, kuma rufe iyakoki da aka yi a 2023 ya nuna muna cewa hanyar kaya kan iya toshewa dare ɗaya. Wanda ake komawa gida a tarar, shi ne abokin shawara ran da ciniki ya tsaya. In an ba rumfa kwana ɗari ukku da sittin da biyu, aka ba juna ukku, ba a zalunci kasuwa ba.

Allah ya ba da sa'ar ciniki, ya kai matafiya lafiya, ya maido su lafiya.