Tsohuwar Land Cruiser 80 da Hanyar Daji: Abin da Za Ka Gyara Kafin Ka Sayi Manyan Tayoyi

Duk mai bin bidiyoyin motoci a TikTok ko YouTube ya san irin wannan hoton: tsohuwar jif an ɗaga ta sama, an sa mata tayoyi kamar na tarakta, fitilu jere a kan rufi, tana keta rafi ruwa na dukan gilashi. Yawancin bidiyoyin daga Ostireliya da Amurka suke fitowa, inda mai motar ke da gareji, da kuɗin kayan gyara, da abokan tafiya da za su janyo shi in ya kafe. Bidiyon daƙiƙa talatin ba ya nuna watannin da aka kwashe ana canja sil da boris kafin a kai ga wannan ranar. Shi ya sa matashin da ya gaji motar mahaifinsa, ko ya tara kuɗi ya sayi ta hannu, yakan fara da abin da idonsa ya gani. Kuɗin ya ƙare a taya da fitila, motar kuma ta mace masa a tsakiyar daji saboda wani tiyon ruwa da kuɗinsa bai kai rabin na taya ɗaya ba.

Za mu ɗauki Toyota Land Cruiser 80 a matsayin misali. An ƙera ta a Japan daga 1990 zuwa 1997, ke nan ko ƙaramar cikinsu ta haura shekara 25. Sunan Land Cruiser ba baƙo ba ne a yankinmu. Faɗan da aka yi tsakanin Chadi da Libiya a 1987 har yau ana kiransa Yaƙin Toyota saboda rawar da akori-kurar kamfanin suka taka, kuma su ne motocin da ke keta saharar Tenere daga Agadas zuwa Dirkou. Abin da ya sa masu shiga daji ke son samfurin 80 shi ne aksil ɗinta na gaba da na baya duk sandar ƙarfe ne guda, a kan sifirin mai naɗi, kuma lantarkin da ke cikinta kaɗan ne.

Fara da sanin injin da ke gabanka

Injina uku aka fi gani a wannan mota. Akwai 1HZ, na dizal mai lita 4.2 da silinda shida, marar tabo. Ba shi da gudu amma yana da haƙuri. Akwai 1HD-T, shi ma lita 4.2 ne amma mai tabo. Sai 1FZ-FE na fetur mai lita 4.5, wanda shan mansa ba ya jin kira. Kowanne da ciwonsa.

Injinan dizal ɗin biyu da taimin bel na roba suke aiki, kuma a waɗannan tsofaffin ana canja shi ne duk kilomita 100,000. Idan ya tsinke injin na tafiya, fistin zai haɗu da bawul, aikin ya koma sauke kan injin. Idan wanda ya sayar maka ya ce "ai kwanan nan aka canja" amma babu rasit, ka ɗauka ba a canja ba. Shi kuwa 1HD-T an san shi da cin metal ɗin da ke ƙasan sandar fistin, don haka masu shi da yawa kan canja su tun kafin su fara ƙara. Na fetur sarƙa yake amfani da ita, ba bel ba, amma yana da wani ɗan gajeren tiyon ruwa a can bayan injin, inda hannu ba ya kaiwa da sauƙi. Saboda wahalar wurin, makanikai kan tsallake shi shekara da shekaru har ranar da zai fashe.

Zafi shi ne babban abokin gabar tsohon injin. A kan kwalta iska na shiga lagireto da kanta saboda gudu. A cikin yashi kuwa injin na ihu a ƙaramar giya, motar na tafiyar hawainiya, fanka ce kaɗai ke jawo iska. Fankar wannan mota tana da wani kulochi mai ruwan silikon a ciki, wanda ke kama ta idan wuri ya yi zafi. Gwajinsa ba ya buƙatar na'ura: bayan doguwar tafiya ka kashe injin, ka juya fankar da hannu. In ta yi ta juyawa sakaka babu tirjiya, kulochin ya mutu. Ka duba kan lagireto. Idan na roba ne kuma baƙinsa ya koma ruwan ƙasa, ya kusa tsagewa.

A nan dole a yi maganar wata al'ada ta garejinmu, wato cire tamostat da hujjar cewa "na ƙasar sanyi ne". A injina da yawa tamostat ɗin ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke kewayawa ba tare da ya ratsa lagireto ba. Ka cire shi, wani kaso na ruwan zafin ya riƙa komawa injin bai huce ba. Haka ma zuba ruwan rijiya maimakon ruwan kulan: tsatsa da gishirin ruwan su ne ke toshe ƙananan hanyoyin lagireto.

Ƙwallayen gaba

Ka tsuguna ka leƙa bayan tayar gaba. Za ka ga wani ƙarfe mai siffar ƙwallo a kowane ƙarshen aksil. A cikinsa akwai gaɓar da ake kira Birfield, ita ke kai ƙarfin injin ga tayar ko da ka murza sitiyari. Gaɓar tana zaune cikin giris, a gefenta kuma akwai man giya na aksil, wani sil guda ne ya raba su. Idan sil ɗin ya gaji sai man da giris su cakuɗe, su zama wani baƙin kunu da ke tsiyaya a jikin ƙwallon, wani lokaci har ya kai ga birki. Alamar gaɓar da ta ci ita ce ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" idan ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali.

Gyaran ya ƙunshi kwance gefen biyu, a wanke, a canja sil da boris, a cika da giris mai moli. Aikin yini guda ne mai datti, kuma babu wanda zai ga ka yi shi. Amma ni a ganina shi ya fi cancantar kuɗinka na farko, domin duk babbar tayar da za ka sa nan gaba a kan wannan gaɓar nauyinta zai sauka. Daga nan sai tayarod, bushin, tiyon birki, da canja man giyabos, na ogzilari da na aksil biyu. Idan man ya fito kamar shayi da madara, ruwa ya shiga.

Kafin ka sayi wani abu, ka gwada abin da motar ta zo da shi. Wasu samfuran tayoyi huɗun ne ke ja koyaushe, suna da makullin tsakiya da ke ɗaure gaba da baya. Wasu kuma baya ce kaɗai ke ja sai ka sa fowil, har ma ka sauka ka murɗa makullin tayoyin gaba da hannu. Irin na biyun ba a bin busasshiyar kwalta da su cikin fowil, haka na farkon ba a bin ta da makullin tsakiya a kulle, domin a kwana tayoyin gaba da na baya ba nisa ɗaya suke ci ba, ƙarafunan sai su ɗaure har wani abu ya karye. Wasu kuma sun zo daga kamfani da makullin difarenshal na gaba da na baya, da wani ɗan maɓalli mai murɗawa kusa da sitiyari. Amfaninsa shi ne idan taya ɗaya ta rataya a sama, 'yar uwarta da ke ƙasa za ta ci gaba da ja. A motoci da yawa ya daskare don shekaru ba a taɓa shi ba, kuma farfaɗo da shi ya fi sayen sabon na ARB sauƙi nesa ba kusa ba.

Lissafin taya da ɗagawa

Ga abin da bidiyo ba ya faɗa. Ɗaga mota da dogayen sifirin jikinta kawai yake ɗagawa. Ƙullun difarenshal da ke jikin aksil, wanda shi ne ke fara dukan dutse, yana nan inda yake. Taya ce kaɗai ke ɗaga shi, ita ma rabin ƙarin tsayinta kake samu.

Mu yi lissafin. Da yawa daga cikin waɗannan motoci sun zo da taya 275/70R16, tsayinta kusan milimita 791. Idan ka koma 285/75R16, wadda ake kira inci 33, tsayin ya zama kusan 834. Bambancin milimita 43 ne, ƙullun ya tashi da santimita biyu kacal. A madadin haka tayar ta fi ta asali da kashi biyar cikin ɗari: allon gudu zai nuna 100 alhali kana kan 105, ƙarfin ja ya ragu, birki ya ƙara aiki. Idan ka haura zuwa 315/75R16, mai kusan inci 35, bambancin ya kai kashi 11. A kan 1HZ, wanda dama ba gwanin hanzari ba ne, za ka ji motar ta zama jaka a kan tudu. Maganinsa canja haƙoran difarenshal daga 4.10 zuwa 4.56 ko 4.88, gaba da baya tare, kuma wannan kuɗi ne mai yawa. Ga hanyoyin ƙauye, laka ta damina da yashin rani, inci 33 ta isa har ta yi saura. Ka kuma tambayi kanka: idan babbar tayar ta fashe a ƙauye, wa ke da irinta?

Ɗagawar inci biyu, wato santimita biyar, ita ce iyakar da ba ta jawo dogon aiki. Duk da haka tana karkata aksil ɗin gaba, sitiyari ya daina komawa tsakiya da kansa, motar ta riƙa yawo a kan titi. Akwai bushin na musamman da ke mayar da kusurwar. Sannan a baya akwai wani bawul da ke auna nauyin kaya ya raba ƙarfin birki. Bayan ɗagawa yana ɗauka motar babu kaya, sai ya rage birkin baya, don haka dole a sake saita shi. Sifirin da shokozoba a saye su tare, daidai da nauyin da za ka riƙa ɗauka. Cusa wani ƙarfe da aka yanka a wurin mai walda a ƙarƙashin tsohon sifirin ba ɗagawa ba ce, ganganci ne.

Abin da ya fi duk wannan tasiri a cikin yashi kyauta ne: rage iska. Tayar da ke da iska 35 a geji, in ka sauke ta zuwa 18 ko 20, tafinta na ƙara tsawo, motar ta hau kan yashi maimakon ta tona shi. Sharaɗin shi ne tafiya a hankali, ban da karya kwana da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili, kuma a mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba tayar za ta yi zafi ta fashe. Saboda haka gejin iska da ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota su ne sayayya ta farko.

Doguwar bututun shaƙar iska da ake ɗaurawa a gefen gilashi tana da amfani, musamman in kana bin bayan wata mota cikin ƙura. Amma ba ta mayar da mota kwalekwale. Aksil da giyabos suna da ƙananan ƙofofin numfashi. Idan ƙarfe mai zafi ya faɗa ruwan sanyi, sai ya zuƙo ruwa ta nan ko ta sil. Ja musu siririn tiyo zuwa saman ɗakin injin aiki ne mai arha da ke ceton boris. Game da kaya kuwa, jarkar ruwa mai lita 20 kilo 20 ce. Biyar a kan rufin motar da aka riga aka ɗaga, kilo 100 ke nan a wuri mafi muni idan hanya ta karkata. Mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin tayoyi. Su kuma fitilun kan rufi, don Allah a kashe su idan an hau titi.

Inda wayarka za ta yi aiki

'Yar na'urar nan ta ELM327 da ake sokawa a mota ta aika bayanai zuwa manhajar Torque ta Bluetooth ba za ta yi maka komai a kan 1HZ ba, domin famfon mansa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar da za a tambaya. Za ta yi aiki a kan na fetur da aka shigo da shi daga Amurka samfurin 1996 ko 1997, saboda daga 1996 ne ƙasar ta wajabta tsarin OBD-II.

Amfanin waya na gaske yana wani wurin. Kowace manhajar GPS mai nuna gudu za ta faɗa maka yawan ƙaryar da allon motarka ke yi bayan canja taya. Da lambar shasi za ka iya shiga shafuka irin su Partsouq ko Amayama ka ga zanen kowane sashe da ainihin lambar kayan, ka je kasuwa da ita, domin 80 ta 1991 da ta 1996 ba komai nasu ne ɗaya ba. Ka ɗauki hoton kowane mataki yayin da makaniki ke kwance aksil. Kafin tafiya ka sauke taswirar yankin a OsmAnd ko Google Maps. GPS da tauraron ɗan'adam yake magana, yana aiki ko babu sabis, amma taswirar sai ka riga ka ajiye ta. Ka tura wa wani na gida hanyar da za ka bi da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ka, ka kuma tambayi direbobin tasha halin da hanyar ke ciki ta fuskar tsaro, wanda babu taswirar da ke nuna shi.

Idan kuma an kafe, shebur, faffaɗan katakon da za a ɗora jek a kai da igiyar ja mai ƙarfi sun fi winci amfani a filin da babu bishiyar da za a ɗaura shi. Igiyar a ɗaura ta a ƙugiyar da ke kafe a jikin shasi da manyan kusoshi. Kada a taɓa rataya ta a ƙwallon jan tirela: yana iya ɓallewa ya taho da gudun harsashi, kuma ya sha kashe mutane. Masu kallo da masu ɗaukar bidiyo su ja baya, nisan da ya fi tsawon igiyar, kafin a taka totur.