Abubuwan da ya kamata ka sani game da Stirling Moss da tseren motocin da ya iso Kano a 1974

A watan Mayun 1974 wasu motocin tsere sun baro Landan da nufin zuwa Munich a Jamus, amma hanyar da aka zana musu sai da ta ratso Sahara har Kano kafin ta juya arewa. Cikin direbobin akwai Stirling Moss, ɗan Ingila da ake lissafawa cikin gwanayen da suka taɓa riƙe sitiyari. Bai iso Kano ba. Dalilin rashin isowarsa, da irin motocin da suka iso, labari ne da ya shafi mutanen Fagge da Sabon Gari fiye da yadda ake zato.

Wane ne Stirling Moss?

An haife shi a Landan a 1929, ya rasu a watan Afrilun 2020 yana da shekara 90. Ya ci tsere 16 a gasar Formula 1, wadda ita ce ƙololuwar tseren motoci a duniya, kuma shekara huɗu a jere, daga 1955 zuwa 1958, shi ke zuwa na biyu. Sau uku Juan Manuel Fangio na Ajantina ne ya sha gabansa. Kambin duniya dai bai taɓa shiga hannunsa ba.

Na huɗun shi ne abin ji. A tseren Fotugal na 1958, motar abokin hamayyarsa Mike Hawthorn ta juya ta mutu a gefen hanya, alƙalai suka so soke sakamakonsa bisa zargin ya karya doka wajen sake tayar da ita. Moss ya ga abin da idonsa, ya je gabansu ya ba da shaidar da ta wanke Hawthorn. Aka bar wa Hawthorn makinsa. Da shekara ta ƙare, Hawthorn na da maki 42, Moss na da 41, alhali Moss ya ci tsere huɗu, Hawthorn ɗaya tak. A ganina wannan shaidar ta fi kofuna da yawa nauyi, domin mutumin ya san wanda yake karewa shi ne mai iya raba shi da abin da ya fi so.

Ranar da takarda ta ci tsere

Kafin a fahimci abin da ya faru a Sahara, sai an koma Italiya a 1955. Akwai tseren da ake kira Mille Miglia: a tashi daga Brescia a je Rum a dawo, kimanin kilomita 1,600, kusan nisan Kano zuwa Legas sau ɗaya da rabi. A kan titunan jama'a ake yi, ta cikin ƙauyuka da kan duwatsu, 'yan kallo a tsaye a bakin kwalta.

Ba wanda zai haddace kwanonin hanya mai wannan tsawo. Saboda haka Moss da abokin tafiyarsa, wani ɗan jarida mai suna Denis Jenkinson, suka bi hanyar tun kafin ranar, suna rubuta kowace kwana da gada da tudun da ke ɓoye abin da ke bayansa. Suka naɗe bayanan a doguwar takarda cikin wani ɗan akwati mai murzawa. Ranar tsere ƙarar injin Mercedes 300 SLR ba ta barin a ji magana, sai Jenkinson ya riƙa murza takardar yana yi wa Moss ishara da hannu. In ya nuna cewa bayan tudun can hanya miƙe take, Moss ba ya ɗaga ƙafa daga totur, ko da bai ga komai ba. Sun gama cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato gudun da ya haura kilomita 157 a awa idan aka daidaita. Ba a karya wannan tarihi ba har aka daina tseren bayan wani haɗari da ya auku a 1957.

Zamanin da ake yabo, da gawarwakinsa

Tsofaffin masoya tsere kan ce da can ne ake da direbobi na gaske. Da gaskiyarsu ta wani ɓangare: babu kwamfuta a mota, giya da hannu ake sawa, kuma direba ɗaya kan tuƙa motoci iri-iri a mako guda. Sai dai a faɗi sauran. Direban wancan lokaci na zaune ne kusa da tankin mai, da riga mai gajeren hannu da hular kwano mara ƙwari, ba bel. Da yawansu sun gwammace mota ta watso su waje da su ƙone a ciki.

A Le Mans ta Faransa, a watan Yunin 1955, wata Mercedes ta tashi sama ta faɗa cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu. Moss na cikin ayarin kamfanin a wannan tsere. A 1958 kaɗai direbobin Formula 1 uku suka rasu sakamakon haɗari, ciki har da Stuart Lewis-Evans da suke tuƙa wa kamfani ɗaya. Shi kansa Moss ya yi mummunan karo a filin tseren Goodwood a 1962, ya yi kusan wata guda bai san inda kansa yake ba, kuma daga nan ya bar manyan gasa. Sai da direbobi irin su Jackie Stewart suka tayar da jijiyar wuya kafin aka tilasta bel da shingayen ƙarfe da likitoci a bakin fili.

Wannan na faɗe shi ne saboda samarinmu masu wasan mota ranar ɗaurin aure. Turawan da suka fara abin sun binne mutanensu da yawa kafin su yarda cewa titin jama'a ba filin tsere ba ne.

Me ya kawo tsere Kano?

An shirya tseren 1974 ne albarkacin gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya da Jamus ta Yamma ta karɓi baƙunci a shekarar. Tsadar mai ta 1973 ta sa manyan kamfanonin motoci suka ja baya, aka bar fagen galibi ga masu shiga da aljihunsu. Motoci wajen 70 aka yi wa rajistar shiga. Aka bi ta Faransa da Sifaniya, aka tsallaka Maroko, aka shiga Aljeriya har Tamanrasset, daga nan a ratsa Nijar a taɓa Kano a koma.

Zaɓen Kano bai zo da mamaki ba. Wanda ya gangaro daga Tamanrasset ta Agadas, Kano ce babbar alƙaryar da zai samu mai da otal da filin jirgin sama da makanikai a wuri guda. Haka abin yake tun zamanin raƙuma: Fagge zango ce ta ayarin da ke fitowa daga arewa, a bayan ganuwa, inda Buzaye da fataken Sahara ke sauke kaya. Da jirgin ƙasa ya iso a 1911 aka kafa Sabon Gari a gefenta, sana'ar ƙarfe da inji ta samu gindin zama a wannan yanki. Motocin tseren tsohuwar hanyar fatake suka biyo.

Lokacin ma ba na wasa ba ne. Fari ya cinye dabbobi a Nijar da arewacin Nijeriya, kuma makonni kaɗan kafin nan, ranar 15 ga Afrilu, Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a Nijar. A Kano Audu Baƙo ke gwamna, shekara biyu ke nan da Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama. Akwai abin da ke sosa rai a hoton motocin masu kuɗi suna keta ƙasar da yunwa ta addaba don neman kofi.

Inda Sahara ta tace su

A Aljeriya aka yi ta ta ƙare. Masu shirya tseren sun auna hanya tun watanni kafin ranar, sun rubuta cewa a inda kwalta ta ƙare a nan za a karkata. Kafin motoci su iso, ma'aikatan Aljeriya sun ƙara shimfiɗa kwaltar gaba. Direbobi suka bi takarda kamar yadda aka koya musu, suka wuce mararrabar, suka watsu cikin hamada. Wasu suka kafe a rairayi, wasu duwatsu suka farfasa musu ƙasan mota, har sai da aka shiga neman waɗanda suka ɓace.

Moss, mai shekara 44 a lokacin, yana cikin wata Mercedes. A nan hamadar Aljeriya tafiyarsa ta tsaya. Dabarar rubutacciyar hanya da ta ɗaukaka shi a Italiya ba ta yi rana ba a ƙasar da alamar hanya ke iya gushewa cikin dare ɗaya. Direban da ya saba bin Agadas zai gaya maka abin da ake bukata a can: ka san launin yashin da zai ɗauki mota da wanda zai haɗiye ta, ka rage iskar taya kafin ka shiga laushi, ka yi tafiyar sanyin safiya, ka riƙe ruwa fiye da yadda kake zato.

Mafi yawan motocin ba su ma gwada gangarowa kudu da Tamanrasset ba. Goma sha tara ne suka kai Munich, kuma biyar kacal daga ciki suka bi hanyar gaba ɗayanta, har da zuwa Kano da komawa.

Su wa suka iso, kuma da wace mota?

'Yan Ostireliya uku ne suka yi na ɗaya: Ken Tubman da Jim Gordon da André Welinski, a cikin Citroën DS, motar da ake iya ɗaga cikinta daga ƙasa in an shiga wuri mai wuya. Tubman mai harhaɗa magunguna ne a garinsu, amma ya san daji, don shi ya ci tseren zagaye Ostireliya na 1953. Na biyu da na uku da na huɗu duk Peugeot 504 ne na wani ayarin Faransa, biyu daga ciki mata ne ke tuƙa su, kuma Christine Dacremont ce ta zo ta biyu. Ta biyar Jeep ce.

Wato uku cikin biyar ɗin Fijo ce, wadda kowane tsohon direba a tashoshin Kano ya san ƙamshin kujerarta. Shekara guda bayan tseren, a 1975, kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a Kaduna, kuma a shekarar ce 504 ta ci tseren Safari na Kenya. Abin da ya fitar da ita daga hamada shi ya sa ta zama motar gwamnati da ta haya a nan: ƙafafu masu jure gargada, inji mara rikici, da ƙirar da bakanike zai kwance da sifana a gindin bishiya. Shagunan kayan gyara na Sabon Gari sun yi shekaru suna cin abinci da ita, kuma an ci gaba da harhaɗa ta a Kaduna har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina yin ta a Faransa.

Ba a sake yin tseren kofin duniya irin wannan ba bayan 1974. Wanda ya gaji hanyar shi ne tseren Paris-Dakar na Thierry Sabine, da ya fara a ƙarshen 1978 yana bi ta Agadas. Shi ma an soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, aka kai shi Kudancin Amurka, sannan Saudiyya tun 2020.