Sa Sabon Silif a Injin Gas

Injin niƙa da tarakta na ƙungiya dukiyar jama'a ce. Ranar da inji ya soma shan baƙin mai, yana fid da hayaƙi shuɗi, yana ƙin tashi da safe lokacin sanyi, sau da yawa fistin da zobbansa sun cinye bangon silinda ne. Ba lalle a sayi sabon inji ba. A injuna da yawa wannan bango wani bututun ƙarfe ne dabam, wanda makanikai ke kira silif. Ana zare tsohon, a sa sabo. Amma mun sha ganin ƙungiya ta tara kuɗin gyara da ƙyar, bayan sati biyu ruwa ya gauraye da mai, aikin ya koma baya. Shi ya sa muke so 'yan kwamiti su san abin da za su duba sa'ad da bakanike yake aiki.

Silif iri biyu ne. Akwai na ruwa, wanda ruwan sanyaya inji yake taɓa bayansa, kamar na ƙananan injunan Sin masu silinda ɗaya irin S195. Akwai kuma busasshe, siriri, wanda yake manne da jikin bulok, kamar na injin Perkins mai silinda 3 da ke cikin tarakta Massey Ferguson 135.

Bari mu fara da na ruwa, gama shi ne aka fi gyarawa a ƙauye. Bayan an zare tsohon, sai a kankare tsatsa da laka daga mazauninsa na sama, da wurin da zobban roba suke zama a ƙasa. A wanke da kananzir, a share. Kada a yi gaggawa a nan. Ƙwayar yashi ɗaya a ƙarƙashin leɓen silif ta isa ta karkata shi, in aka ɗaure kan inji kuwa leɓen yana iya tsagewa.

Sa'an nan a gwada sabon silif ba tare da roba ba. Ya kamata ya shiga da hannu, ya zauna daram. Leɓensa zai ɗan ɗara fuskar bulok kaɗan, wajen kaurin gashin kai, domin gasket ya sami abin matsewa. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a kai, a auna da ma'aunin nan mai siraran ganyaye a wuri huɗu. Littafin injin ne zai faɗi adadin da ake so. In gefe ɗaya ya fi wani, a fitar a sāke sharewa. Bakaniken da ya ce idonsa ya ishe shi awo, to, ku roƙe shi da ladabi ya auna.

Yanzu sai roba. Kullum sabuwa, ko da tsohuwar tana da kyan gani. A sa ta kada ta murɗe, a shafa mata ruwan sabulu. Baƙin mai yana kumbura wadansu irin roba, don haka kada a shafa shi sai in littafin ya ce haka. A tura silif a hankali da tafin hannu, ko a ɗora katako a danna. Guduma ba ta da aiki a nan. Kafin a rufe kwanon mai na ƙasa, a danne silif, a cika ruwa, a leƙa ko yana ɗiga.

Busasshen silif kuwa shawararmu ita ce a kai bulok gari, wurin masu injin matsi. Bangonsa siriri ne ƙwarai, duka yakan lanƙwasa shi. Wadansu ma sai an gyara cikinsu da inji bayan an sa su, sa'an nan fistin ya shiga daidai. A tambaya tun wurin saye.

Sabon silif yana tafiya da sababbin zobba, kada bakunansu su tsaya a layi ɗaya. A ɗaure notunan kan inji daga tsakiya zuwa gefe, kaɗan kaɗan. Kwanakin farko a ba inji aiki matsakaici, a canja mai bayan kamar awa 50. Matatar iska kuma a riƙa wanke ta, musamman da hunturu da wurin niƙa, gama ƙurar da ta wuce ta ita ce ta cinye tsohon silif ɗin.