Iry LeJeune: Makaɗin da ya dawo wa Kejun da muryarsu

Masu karatu, a wannan makon mun leƙa kudancin ƙasar Amurka, jihar Luwiziyana, domin mu kawo muku tarihin wani makaɗi mai suna Iry LeJeune, wanda bai cika shekara 27 a duniya ba, amma har yau ba a maganar kiɗan mutanen Kejun ba tare da an ambaci sunansa ba.

Su dai Kejun asalinsu Faransawa ne da suka zauna a yankin Akadiya, a gabashin ƙasar Kanada ta yau. A shekarar 1755 Turawan Ingila suka fara korarsu daga gonakinsu, aka zuba su cikin jiragen ruwa aka warwatsa su. Wasu daga cikinsu, bayan shekaru na yawo, suka yada zango a fadamu da filayen kudancin Luwiziyana, inda suka ci gaba da noma da kiwo da kamun kifi, suna magana da irin nasu Faransancin.

Abin kiɗan da aka fi saninsu da shi shi ne akodiyon, wani ɗan akwati mai zugazugi a tsakiya, wanda ake ja ana matsawa. Irin nasu ƙarami ne, mai maɓalli 10 a jere ɗaya, kuma daga Jamus ake kawo shi. Ya samu karɓuwa ne saboda ƙarfin sautinsa, domin a zamanin da babu lasifika yana iya cika ɗakin rawa shi kaɗai. A 1928 Joe Falcon da Cléoma Breaux suka yi faifan garmaho na farko na kiɗan Kejun, kuma a wannan shekarar ce, ranar 28 ga Oktoba, aka haifi Iry a ƙauyen Pointe Noire, kusa da garin Church Point.

Sai dai ya zo duniya a lokacin da harshen iyayensa ke cikin tsaka mai wuya. Tsarin mulkin jihar na 1921 ya wajabta koyarwa da Ingilishi a makarantun gwamnati, har ta kai ana hukunta yaron da aka kama yana Faransanci a harabar makaranta. Da yawa daga cikin waɗannan yara da suka girma sai suka ƙi koya wa 'ya'yansu harshen, don kada su sha irin wulaƙancin da suka sha. Shi ma akodiyon bai tsira ba. Daga tsakiyar shekarun 1930 makaɗa suka koma ga goge da gita irin na Texas da ake ji a rediyo, wasu har suna rera waƙa da Ingilishi. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke kuma, sai hanyar shigo da akodiyon daga Jamus ta toshe gaba ɗaya.

Iry ɗan manomi ne, amma an haife shi da raunin gani mai tsanani, wanda ya hana shi aikin gona yadda sa'o'insa ke yi. Wannan ne ya sa ya duƙufa ga kiɗa tun yana yaro. Wani ɗan'uwansu, Angelas LeJeune, wanda shi ma sanannen makaɗi ne, ya riƙa ba shi akodiyon yana gwadawa, tare da kunna masa tsofaffin faya-fayai. A cikinsu ne ya ji Amédé Ardoin, wani baƙar fata mai jin Faransanci, wanda ya yi faya-fayai tsakanin 1929 da 1934. Daga wurinsa Iry ya ɗauki salon rera waƙa da murya sama-sama mai kama da kuka, ya kuma sake gina wasu daga cikin kaɗe-kaɗensa da sababbin baitoci. Abin lura ne cewa a zamanin da doka ta raba fari da baƙi a kudancin Amurka, babban malamin wannan yaro farar fata baƙar fata ne.

A 1948 Iry ya tafi birnin Houston, inda ya yi faifai mai ɗauke da "Love Bridge Waltz" da "Evangeline Special", da akodiyon da kuma Faransanci zalla. Faifan ya samu kasuwa fiye da yadda aka zata, musamman a wurin sojojin Kejun da suka dawo daga fagen yaƙi suna marmarin jin kiɗan gida. Ganin haka, masu gidajen rawa suka koma neman masu akodiyon, tsofaffin makaɗa irin su Nathan Abshire da Lawrence Walker suka sake fitowa. Daga nan Iry ya ci gaba da aiki da Eddie Shuler, mai kamfanin Goldband a Lake Charles. Duk waƙoƙin da ya bari ba su kai 30 ba, galibinsu kan kaɗaici da rabuwa da talauci.

Ranar 8 ga Oktoban 1955, suna komawa gida da dare bayan wasa a garin Eunice, shi da mai goge J.B. Fuselier, tayar motarsu ta yi faci. Suna bakin titi suna canza ta sai wata mota ta kwashe su. Iry ya mutu, Fuselier kuma ya samu munanan raunuka. Ya bar mata da ƙananan yara, cikinsu har da Eddie LeJeune, wanda ya gaji mahaifinsa a kiɗan akodiyon har zuwa mutuwarsa a 2001.

Abin da Iry ya shuka bai tsaya nan ba. Tunda na Jamus sun yi wuya, sai mutanen yankin suka fara ƙera akodiyon da hannunsu, inda Sidney Brown ya buɗe hanya a Lake Charles, Marc Savoy kuma ya buɗe shagonsa kusa da Eunice a 1966. A 1964 mai goge Dewey Balfa ya yi wasa a bikin Newport, ya dawo gida yana wa'azin cewa kiɗan da ake raina wa a gida ana girmama shi a waje. A 1968 jihar da ta taɓa hana Faransanci ta kafa hukumar CODOFIL don raya shi, a 1974 kuma aka yi babban taron karrama kiɗan Kejun na farko a Lafayette.

Duk da haka, dole a faɗi gaskiya: kiɗan ya farfaɗo fiye da harshen. Matasa da yawa a Luwiziyana suna rera waƙoƙin Iry, amma sai sun koma aji kafin su fahimci abin da suke faɗa, domin harshen ya yanke a gida tun zamanin kakanninsu.

Wannan ɓangaren ne ya fi taɓa mu, mu da aka haifa a zango-zango nesa da ƙasar kakanninmu. Faya-fayan Shata da Ɗanƙwairo suna nan a gidajenmu, ana kunna su ranar biki da suna, amma ƙannenmu nawa ne za su iya fassara baiti ɗaya? Su Kejun sai da doka ta tilasta musu kafin suka saki nasu. Mu kuwa babu wanda ya hana mu yin Hausa da 'ya'yanmu a tsakar gida.