Yadda rabuwar ƙwayoyin halitta ta gina dalar gyaɗa a Kano

Lokacin da layin dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawan mulkin mallaka suka sa rai za ta cika taragai. Manoma kuwa suka zaɓi gyaɗa. Cikin 'yan shekaru tashar jirgin ƙasa ta Kano ta zama ƙofar fitar da ita zuwa Legas, 'yan kasuwa irin su Alhassan Ɗantata suka riƙa jera buhuna har suka zama dala.

Duk wannan dukiya daga wani aiki ta faro wanda ido ba ya gani, wato rabuwar ƙwayoyin halitta, ƙananan tubalan da suka haɗu suka yi jikin kowane mai rai.

Rabuwar iri biyu ce. Ta farko ta girma ce. Da zarar an shuka gyaɗa ta sha ruwa, ƙwayoyin da ke bakin saiwa da kan tsiro sai su fara rabuwa, ɗaya ta zama biyu, biyu su zama huɗu. Kafin kowace ta rabu sai ta kwafi dukkan zaren gado da ke cikinta, waɗanda masana ke kira kuromosom. Gyaɗa na da 40, ɗan Adam na da 46. Kowace sabuwar ƙwaya na tashi da cikakken adadin, kwafin uwarta sak.

Wannan rabuwa ce ke binne 'ya'yan gyaɗa. Bayan furen nan mai ruwan ɗorawa ya bushe, wani siririn tsinke ke fitowa daga gurbinsa, ƙwayoyin da ke bayan bakinsa suna ta rabuwa suna tura shi ƙasa har ya shige turɓaya, a can kwanson ke kumbura. Shi ya sa gogaggen manomi ke kaffa-kaffa da fartanya a wannan lokaci, tsinken da ya karye ya tafi da kwansonsa.

Ta biyun ta haihuwa ce, kuma a cikin fure take faruwa. A nan ana raba adadin gida biyu: garin fure ya ɗauki 20, ƙwan da ke jiransa ya ɗauki 20, bayan zarurrukan sun yi musayar gutsattsari a tsakaninsu. Idan suka haɗu sai a koma 40.

Sai dai furen gyaɗa kansa yake yi wa barbara, galibi tun kafin ya buɗe. Uwa da uba ɗaya ne, don haka 'ya'yan ke fitowa kusan iri ɗaya. Wannan ne ya sa manomi zai ajiye irin bana ya shuka baɗi ya sami abin da ya sani, saɓanin masarar aure, wadda 'ya'yanta ke rarrabuwa idan aka sake shuka su.

Amma kamannin na da tsada. Cutar da ta iya kayar da tushe ɗaya za ta iya kayar da gona sukutum. A 1975 cutar rozet, wadda ƙwarin darɓa ke yaɗawa, ta ragargaza gonakin gyaɗa a Arewa, a daidai lokacin da fari ya riga ya galabaita manoma, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur. Dalar ba ta sake tashi ba.

Masu binciken iri a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru da ke Zariya da abokan aikinsu na ICRISAT sun koma ga rabuwa ta biyu neman mafita. Da yamma suke zare sassan namiji daga toho da ɗan hantsaki, da safe su ɗora masa garin furen wani iri mai jure cutar. Jikokin wannan aure kan fito kala-kala, sai a yi shekaru ana zaɓe ana sake shukawa har a sami wanda ya tsaya a hali ɗaya. Ta wannan hanya aka samar da irin su SAMNUT 24, mai jure rozet, wanda ke nuna cikin kimanin wata uku.